Gashin da Ke Dantsen Auta

Benen da Auta yake aiki a ciki ya rufta da hantsi, ni kuwa labari bai same ni ba sai da yamma, ina tsaye a gaban teburin guga da rigar wani mutum a hannuna. 'Yata ce ta shigo, babbar. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Mama, kashe dutsen nan." Na kashe. Har yau ban san inda rigar mutumin ta shiga ba.

Auta shi ne ɗana na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne namiji. Lebura ne a wurin gini, yana cikin masu zuba kankare a hawa na sama. A can yake kwana, a wata rumfar kwano da kamfanin ya kafa musu, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Duk abokan kwanansa tare suke a wannan hawan ranar, don haka babu wanda za mu tambaya.

Mun yi kwanaki muna tsayuwa bayan igiyar da aka ja a wurin, muna kallon manyan motoci suna kwashe ɓaraguzai. Daga nan muka bi gadajen asibiti ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cikin masu rai. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe hannuna ta ce mu gangara ƙasa, mu bi ta bayan wurin wanki, akwai wata ƙofar ƙarfe. Ba ta ce mutuware ba, amma na gane.

Mu uku muka je: ni, da 'yata, da yayana, wanda yaran suke kira Kawu. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne yake tsaya mana a kan komai. Mutum ne mai son a yi abu a gama, ba ya son jan magana.

Mai kula da wurin wani dattijo ne siriri, da takalmin roba har gwiwa da safar hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta da jikinsa. Na ce masa ya bar ni in shiga in duba su duka, ɗana ne, zan gane shi.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba mugunta ce ta sa nake hana ki ba. Wadda na buɗe wa jiya tana can sama a kwance ana ƙara mata ruwa. Fuskokin nan babu abin da za ki gane a cikinsu. Kayan jikinsu kuma iri ɗaya ne, na kamfani, mun ma yanke su. Ki ba ni alama, in kai ki wurin mutum ɗaya."

Na tsaya ina lalube a kaina. Na ce yana da tabo a gwiwa.

"Duk ɗan gini yana da tabo a gwiwa."

Na ce yana da wushirya. Dattijon ya kalli ƙasa, na gane cewa haƙora ma ba za su taimake ni ba.

Sai 'yata ta taɓa gefen mayafina. Kanta a sunkuye ta ce, "Mama, akwai wani abu. Kwanakin baya ya kira ni a waya, ya ce ya yi zane a jiki. Irin na allura, wanda ba ya fita. Tatu."

Kawu ya juyo. "Ya yi me?"

"Ya ce idan na faɗa wa Mama, babu ni babu shi."

Na ce, "Zanen mene ne?"

"Gashi. Haka ya ce min, zanen gashi a dantse. Ban gani ba, bai zo gida ba tun lokacin."

Dattijon ya ɗaga kai. "Gashi? Akwai mai gashi. Ni na wanke shi da hannuna."

Ya shigar da mu. Sanyin wurin ba irin sanyin da na sani ba ne, kuma duk da sanyin akwai wari. Ya jawo wani gado mai taya, ya ɗage mayafin daga gefe kawai, ya fito da hannu ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Sauran an naɗe shi da bandeji. A kan dantsen akwai gashin tsuntsu guda, dogo, baƙi, bakinsa ya ɗan lanƙwashe. An zana shi da kyau, har da ƙaramar tsagar nan da gashin tsuntsu yake yi idan ya tsufa.

Kawu ya yi salati a hankali. Ya dubi tsawon gadon daga sama zuwa ƙasa, ya ce, "Shi ne. Tsayin ne, launin fatar ne. Ga kuma gashin." 'Yata ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu.

Ni ban yi kuka ba. Ina ta kallon gashin nan, ina jiran jikina ya gaya min wani abu, bai gaya min ba.

Da muka fito Kawu ya shiga kiran waya. Ina ji yana cewa a fara haƙa, a sanar da mutane, a turo mota. Na zauna a kan wani benci kusa da famfo. Can gefe, a bayan katanga, wani zakara ya yi cara da rana tsaka, sai wani abu ya faɗo min a rai.

Na ce, "Yaya, ajiye wayar nan."

"Me kuma?"

"Auta ba zai zana gashin tsuntsu a jikinsa ba."

"Ke kika raka shi?"

"Ka manta zakaran maƙwabta? Yana ɗan shekara huɗu ya hau masa kai ya tsattsage masa goshi. Tun daga ranar ko ɗan tsako ya gani sai ya canja hanya. Da gemunsa da komai, idan kaza ta shigo tsakar gida sai ya ɗage ƙafa ya hau kujera. Kai da kanka kake tsokanarsa."

Kawu ya sauke wayar. Ya yi magana a hankali, irin yadda ake yi wa marar lafiya. "Ƙanwata, yaron da ya iya zuwa aka caccaka masa allura bai gaya miki ba, kina ganin kin san duk abin da zai iya? Yarinya ta ce gashi. Mun ga gashi. Kada ki wahalar da shi, ki bari a kai shi makwancinsa."

"Idan ba shi ba ne fa?"

"Idan ba shi ba ne wane ne?"

"Ɗan wata."

Dattijon yana tsaye a bakin ƙofa yana jin mu. Ya matso ya ce, "Gara in gaya muku yanzu. Wurin sanyin nan ya yi mana kaɗan. Duk wanda ba a zo nema ba, yau motar hukuma za ta zo bayan azahar ta kwashe su, a rufe su tare a wuri ɗaya. Idan ta tafi, ta tafi. Ba ni da ikon tsayar da ita."

Na kalli inuwar katanga. Ta riga ta fara tsukewa.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Idan na yarda da Kawu kuma na yi kuskure, zan kai ɗan wata in rufe, in riƙa zuwa ina yi masa magana, nawa kuma yana can cikin rami ɗaya da mutane, babu wanda ya san gefen da yake.

Na kira 'yata na tambaye ta inda Auta ya ce an yi masa zanen. Ta ce bayan shagon wani mai aski ne, a layin da ke fuskantar wurin aikinsu. Ta ce kuma mace ce mai yin zanen.

Kawu ya ce, "Mace kuma. Abin ya cika."

Na ce wa 'yata, "Zauna a bakin ƙofar nan. Ko motar Kawunki ta zo, kada a fita da kowa sai na dawo. Idan ya matsa miki, ki kwanta a gaban tayar."

"Yanzu ni kike haɗawa da 'yar cikina?" in ji Kawu.

Na juya na fita.

Ban tuna yadda na isa layin ba. Na dai tuna ƙurar siminti har lokacin tana kan rufin shaguna da ganyen bishiyoyi, kuma ban juya na kalli inda benen yake ba. Shagunan aski sun fi ɗaya a layin. Na farko suka ce ba su sani ba. A na gaba wani mai aski da reza a hannu ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mama, ke ma zanen za a yi miki? Kunama ko fure?" Waɗanda ke zaune suka yi dariya. Da ya sake kallon fuskata sai ya daina. Ya nuna min wani lungu da bakin rezar.

Ɗaki ne ƙarami, mai warin asibiti. Wani ƙaton mutum yana kwance rubda ciki a kan gado babu riga, wata mata gajera da safar hannu baƙa ta duƙufa a bayansa da wani ɗan inji mai ƙugi kamar rina. Tana taunar cingam. Bangon duk takardu ne an manna, zanen dabbobi: ɗigon damisa, ratsin jakin dawa, ƙayar bushiya, sawun kare, wutsiyar dila, ɓawon maciji. A bayan mutumin kuwa kan zaki ne, an gama fuska, ana cikin geza.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Mama, idan wa'azi kika zo yi min, ki ɗan jira. Na safe ma bai daɗe da fita ba."

Na ce, "Ɗana nake nema."

"Ba na yi wa yara. Duk wanda ya kwanta a gadon nan da ƙafarsa ya zo."

"A benen can yake aiki."

Ta kashe injin. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin numfashin mutumin da ke kwance.

Na kwatanta mata shi. Dogo, mai wushirya, idan zai yi dariya sai ya kama ƙeyarsa. Tun ban gama ba ta cire cingam ɗin ta jefa a kwando.

"Mai Manaja," in ji ta. "Tun ranar nake kiran layinsa ba ya shiga."

Na zauna a kan wata kujerar roba. Manaja kyanwarmu ce. Auta ya tsinto ta a kwata tana jaririya, ya raine ta da madara a murfin kwalba. Shi ya sa mata sunan, wai ba ta aikin komai, ita take fara cin abinci, kuma wurin da ya fi kyau a ɗaki nan take kwana. Ta mutu bara. Ya rufe ta a bayan gida, ya ce min wai ƙura ce ta shiga idonsa.

Na ce, "Me kika zana masa?"

"Gashi."

"Na tsuntsu?"

"Tsuntsu? Na nuna masa fiffiken mikiya a bangon nan, ya ja baya kamar zai tashi ya cafke shi. Babu abin da ban nuna masa ba. Na ce ga damisa, ya ce ta masu son a gan su ce. Na ce ga zaki, ya ce bai kai ba."

Mutumin da ke kwance ya ce, "Ya san kansa."

"Yi shiru kai. Sai ɗanki ya ciro waya ya nuna min hoton wata kyanwa mai ratsi-ratsi. Na ce to in zana fuskarta. Ya ce a'a, bayanta yake so, daidai inda yake shafawa idan ya dawo daga aiki. Gashin kawai, ba kai ba wutsiya. A dantsen hagu, ta ciki, inda hannun riga zai rufe."

Na ce mata an nuna min gawa mai gashin tsuntsu, an ce shi ne, ana can ana haƙa kabari. Na gaya mata zancen motar hukuma. Na ce ta ba ni hoton zanen in kai wa dattijon.

Ta girgiza kai. "Babu. Kowa ina ɗauka, shi ya hana. Ya ce Mamansa tana da 'yan rahoto a ko'ina." Ta dube ni. "Kuma ko na kwatanta miki ba za su gani ba. Ba na yi wa gashi iyaka da baƙin layi. Da allura mafi siriri nake yi, ɗaya bayan ɗaya, ina bin yadda gashin jikin mutum ya kwanta. A fata mai duhu irin tasa, idan ba a haska daga gefe ba, sai a ɗauka nasa ne. Ga shi ban ma gama ba, saura farin da ke tsakiya. Ya ce zai dawo ƙarshen wata."

Ta fara zare safar hannunta. Ta ɗauki wani ƙyalle ta rufe bayan mutumin ta manne.

"Tashi."

"Da rabin zaki zan fita?"

"Sa riga, babu wanda zai sani."

Ya tashi zaune yana cije leɓe. Ya dube ni, ya dubi agogon bango, ya ce, "Wane asibitin? Tasi ɗina tana bakin layi."

Haka muka tafi. Yana tuƙi ya rungume sitiyari, don bayansa ba ya son jingina. Duk ramin da muka faɗa sai ya ja iska ta haƙori, ita kuma ta ce masa, "Zaki ba ya kuka." Na san don ni suke yi, don kada motar ta yi shiru. A wata mahaɗa muka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi. Ina zaune ina jin kiran sallar azahar daga wani wuri, ga mu ba gaba ba baya.

Wayata ta yi ƙara. 'Yata ce.

"Mama, motar ta zo."

"Ta Kawunki?"

"Duka biyun. Ta Kawu sun riga sun saka gawar a ciki, ina tsaye a gabanta. Ta hukuma kuma ta ja baya zuwa ƙofa, sun fara ɗorawa." A bayanta ina jin muryar Kawu yana cewa ta matsa, kada ta mai da shi abin kallo.

Na ce, "Gaya wa dattijon ba gashin tsuntsu ba ne. Na kyanwa ne. Na Manaja."

Sai ta ce, "Wayyo Mama. Ni ce ban tambaye shi ba."

"Ba lokacinsa ba ne. Je ki gaya masa."

Mai tasi ya leƙa ta taga, ya hau gefen titi da taya biyu, ya kutsa ta wani lungu da ban yi zaton mota za ta wuce ba. Masu shaguna suna zaginsa yana ba su haƙuri da hannu ɗaya.

Da muka isa, motar hukuma tana nan, babba, mai buɗaɗɗen baya da tamfol. Wasu maza da takunkumi a fuska suna fitowa da jakunkuna baƙaƙe masu zif, biyu-biyu suna kama kowace. Wani jami'i yana tsaye a gefe, shi ma da takunkumi. Dattijon yana gabansa yana magana da hannuwa.

Jami'in ya dube ni ya ce, "Mama, an ce an riga an ba ku gawarku."

"Ba tawa ba ce."

"Ɗan'uwanki ya ce taku ce."

"Ba shi ya haife shi ba."

Kawu yana tsaye a jikin ɗaya motar, ya harɗe hannuwa.

Jami'in ya ce, "Ana jiranmu a can, injin haƙa ba namu ba ne. Waɗanda ba a ɗora ba ku duba da sauri. Waɗanda ke sama ba zan sauke ba."

Mai zanen ta ce a ba ta ruwa a bokiti da tsumma. Dattijon ya ba ta safar hannu. Shi yake zuge zif kaɗan daga gefen hagu, ya fito da dantse, ita ta goge, ta kunna fitilar wayarta ta kwantar da hasken a kan fatar. Ni ina tsaye a kansu. Na farko ta ce a'a. Na biyu hannun hagun ma babu, dattijon ya rufe da sauri. Haka muka bi waɗanda ke ƙasa har suka ƙare. Duk wanda ta ce a'a sai mazan su ɗauke shi su ɗora.

Jami'in ya ce, "To, kun gani." Ya yi wa direba alama da hannu. Direban ya tayar da mota.

Ban san lokacin da na kama ƙarfen bayan motar ba. Na sa ƙafa a kan taya, zanina ya harɗe ni, na kasa hawa. Na ce, "Ka ce ba za ka sauke ba. Ban ce ka sauke ba. Ni zan hau."

"Mama, sauka, za ki ji ciwo."

Sai na ji an ɗaga ni ta baya kamar yarinya. Mai tasi ne. Ya ɗora ni, ya miƙa wa mai zanen hannu, ya miƙa bokitin. Dattijon ma ya hau. Na ga rigar mai tasin ta jiƙe da jini a baya, inda ƙyallen ya goce.

Jami'in ya kalli agogonsa, ya kalli direba. Sai ya ce, "Kashe."

Ƙarƙashin tamfol ɗin akwai zafi, ga wari, ga ƙudaje sun fara taruwa. Babu wurin taka ƙafa sai a tsakaninsu. Ina takawa ina ce musu ku yi haƙuri, ku yi haƙuri. Mai zanen ta fita gefe sau ɗaya ta yi amai ta dawo, ta goge baki da kafaɗa ta ce wa dattijon, "Na gaba, Baba."

Yana can ciki, kusa da kan motar, cikin waɗanda aka fara ɗorawa. Da dattijon ya fito da dantsen sai ya ce, "Wannan ba shi da komai. Na tuna shi. Gargasa ne kawai."

Na ce, "Ɗana ba gargasa ba ne. Ko a ƙafa ba shi da gashi."

Mai zanen ta matso. Ta jiƙa tsumman ta goge a hankali, ta sake gogewa. Ta karkatar da wayar har hasken ya kwanta. Sai ratsi-ratsin suka taso, duhu da haske, duhu da haske, duk sun kwanta gefe ɗaya kamar yanzu aka shafa su. A tsakiya akwai wani ɗan fili da ba a taɓa ba, daidai inda farin yake a bayan Manaja.

Ta ce, "Hannuna ne. Mama, shi ne."

Na durƙusa. Na ce wa dattijon ya ƙara zugewa in ga tafin hannun. Ya dube ni, ya zuge. Farcen babban yatsan a cinye yake har tsoka, yadda yake cin sa tun yana yaro, duk dukan da na yi masa a kai bai daina ba. Na riƙe yatsan. A nan ne kukan ya zo, kuma babu wanda ya ce in yi sauri, har jami'in.

Dattijon yana ta cewa, "Aka ce min gashi, ni kuma na ga gashi. Wallahi ban kawo na dabba a raina ba." Na ce masa babu komai, mu ma haka muka ji.

Mazan suka sauko da shi a hankali. Kawu ya matso ya tsaya a kansa. Mai zanen ta haska masa ba tare da ya tambaya ba. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa ya share fuska da ita, ya mayar. Sannan ya juya ya buɗe bayan motar da ya kira, ya ce wa mazan, "Ku taimaka ku sauko da bawan Allahn nan."

Suka sauko da mai gashin tsuntsu, suka nufi motar hukuma da shi. Na ce wa jami'in, "Wannan yana da alama. Wata tana can tana nemansa, wataƙila ita ma ba a gaya mata ba. Ka bar shi ko na kwana ɗaya."

Ya ce ba shi da wurin ajiye shi. Dattijon ya ce yanzu da aka kwashe sauran, wuri ya samu. Mai zanen ta ɗauki hoton dantsen, ta ce ba aikinta ba ne, amma masu sana'arsu ba su da yawa, za ta tura musu, kowa yana gane hannunsa. Jami'in ya ɗaga kafaɗa, aka mayar da shi ciki. Ban san ko an zo an ɗauke shi ba. Na so in koma in tambaya, ƙafata ta ƙi zuwa wurin.

Ban yi wa mai zanen godiya yadda ya kamata ba, shi ma mai tasin haka. Lokacin da na waiwaya suna can bakin famfo, ta ɗage masa riga tana wanke masa baya tana yi masa faɗa.

Aka saka Auta a motar da Kawu ya kira, direban ya ce mu mata mu shiga gaba. Na ce a baya zan zauna. Na zauna a ƙasan motar kusa da kansa, 'yata ta zauna a ɗaya gefen, Kawu ya shiga gaba. Muna fita daga ƙofar asibitin wayarsa ta yi ƙara, mutanen da ke jira ne tun ɗazu.

Ya ce, "Muna hanya. An ɗan samu jinkiri." Ya saurara. "E, shi ne. Uwarsa ta gani."